Mai Kyamis Zai Iya Raba Mutum da Sigari?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar 31 ga Mayu, wadda aka ware don yaƙi da shan taba a duniya, na ji ana ta nanata wata magana a rediyo, wai masu shagunan magani na cikin unguwa su ne suka fi dacewa su taimaki mai son barin sigari, tunda sun fi asibiti kusa da jama'a. Ni dai ban gamsu ba. Mutum ya buɗe shago don ya ci riba, mashayin sigari kuwa kwastoma ne na dindindin, yau maganin tari, gobe na mura, jibi na ciwon ƙirji. A ce shi ne zai kashe kasuwarsa da hannunsa? Masana a cikinmu ku warware mana.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Yaro ka faɗi gaskiya. Tun ina yaron mota nake busawa, kuma daga Kano zuwa Legas da wuya garin da ban shiga kyamis ba. Ba wanda ya taɓa ce min Baba kana shan taba? Ga leɓe baƙi ƙirin, ga wari tun daga bakin ƙofa. Sai dai a miƙo kwalba a ce cokali biyu sau uku.

Anti Famasist (Zariya): Baba sannu da hanya. Kafin mu yi nisa a raba abu biyu, don jama'a kowa kyamis suke ce masa. Akwai famasi, inda doka ta ce sai da wanda ya karanci harhaɗa magunguna a jami'a shekara 5 ko 6, ya yi shekarar horo, ya karɓi lasisin PCN, hukumar da ke kula da aikin harhaɗa magunguna a Najeriya. Akwai kuma ƙananan shagunan da lasisinsu na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai. Su ma PCN ce ke ba su izini, amma aikinsu da iliminsu daban ne. Yawancin inda Baba yake tsayawa a bakin tasha irin na biyun ne.

Batun riba kuwa, Ɗan Kurna, ƙanena, nawa ake samu a kwalbar maganin tari? In ma lissafin kasuwa za a yi, mai hawan jinin da ya bar taba ya yi tsawon rai yana karɓar maganinsa duk wata ya fi min wanda shanyewar ɓarin jiki za ta kwantar a shekara hamsin. Amma ba zan kare mu ba, yawancinmu ba ma tambaya. Layi ne a gabanka, mutum biyar sun jingina da kanta kowa na jin maganar kowa, kuma minti goman da za ka ɓata kana nasiha ba mai biyanka.

Mai Kyamis na Ƙauye: Anti, da girmanki, kada a mayar da mu saniyar ware. Garinmu babu famasi ko ɗaya, sai ka hau mota ka je hedikwatar ƙaramar hukuma. Duk wanda tari ya hana barci ƙofata yake bugawa. Matsalata ba rashin so ba ce, kunya ce. Dattijo sa'an mahaifina, yana sahun gaba a masallaci, na san yana zagayawa bayan makaranta da magariba ya busa, shi ma ya san na sani. In buɗe baki in tambaye shi? Gobe a ce ɗan wane ya ci mutuncin Alhaji.

Maman Khalifa: Ku kuna ta maganar mashayi ya zo shago. Wa ya ce muku yana zuwa? Maigidana bai san hanyar kyamis ba, yaro yake aika da kuɗi da sunan magani a 'yar takarda, ko ni in saya in na fita unguwa. Mai shago ni yake gani da yaron da ƙirjinsa ke kuka duk lokacin sanyi.

Anti Famasist (Zariya): Maman Khalifa kin taɓo inda ya fi damuna. Uwar da ta dawo sayen abin shaƙa na asma karo na biyu ko na uku, dole in tambaye ta ko akwai mai shan taba a gidan, kamar yadda zan tambaye ta hayaƙin itace da maganin sauro na kunnawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga ciki ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Binciken da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna maza 10 cikin 100 na amfani da taba, mata kuwa kusan 1 cikin 100. Ke nan mai sha daban, mai zuwa sayen magani daban. Buɗe taga ko fita tsakar gida bai wadatar ba, ya fita waje gaba ɗaya, kuma ban da cikin mota.

Mai Kyamis, ban raina ku ba wallahi, ku ne kuka fi mu yawa nesa ba kusa ba. Ga yadda nake yi da dattawa. Ba na tsinto tambayar ita kaɗai, cusa ta nake a tsakiyar 'yan'uwanta. Sai in ce, Baba, kafin in ba ka maganin nan akwai abin da nake tambayar kowa: akwai hawan jini? Ciwon suga fa? Gyambon ciki? Sigari ko garin taba? In ya ji kowa ake wa, kuma don maganin ne, ba ya jin an tsarge shi. In ya ce a'a ka bar shi, ya dai ji cewa taba na da alaƙa da abin da ya kawo shi. Sannan duk tarin da ya wuce sati biyu, kada ka sake miƙa kwalba, ka tura shi gwajin tibi, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mashaya sun fi saurin kamuwa da shi, kuma su ne suka fi cewa ai tarin sigari ne kawai.

Ɗan Kurna: To an tambaya, ya ce eh ina sha. Sai me? Wa'azi? Ai kwalin ma da hoton cuta a jikinsa, bai hana kowa ba.

Anti Famasist (Zariya): Ba wa'azi ba. Mashayi ya fi ka sanin tana kisa. Abin da bai sani ba shi ne me zai same shi in ya daina, da yaushe abin zai wuce. Nikotin, sinadarin taba mai kama mutum, na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, shi ya sa kamun yake da ƙarfi. Ranar da aka daina sai faɗa, rashin barci, ciwon kai, yunwa, kasa tattara hankali. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne ƙololuwa, daga nan ya riƙa sauka cikin sati biyu zuwa huɗu. Sha'awar kanta in ta taso 'yan mintoci take yi ta lafa. Mutane da yawa a kwana na uku suke komawa, suna zaton haka za su dawwama.

Masu dainawa da ƙarfin zuciya kawai, kimanin 3 zuwa 5 cikin 100 ne ke kai shekara. Magungunan maye gurbin nikotin, wato cingam da filastar mannawa a fata da alewar tsotsa, suna ƙara damar da kamar rabi ko fiye, in aka haɗa da bibiya kuma ya fi. Tambayata biyu ce: kara nawa a rana, kuma in ka tashi daga barci minti nawa kafin ka kunna na farko. Wanda bai kai rabin awa ba, shi ne kamun ya yi nisa. Sai mu sa rana, in ce ya dawo bayan sati ko da gaisuwa ce, in auna masa jini. Wannan dawowar ita ce asibiti ba zai iya ba shi ba sai da kati da layi.

Baba Direba: Hajiya ki bar maganar cingam ɗin nan. Ɗana ya taɓa kawo min. Na tauna sai shaƙuwa, maƙogwaro na ƙuna, ciki na tashi. Na watsar na sayi karana.

Anti Famasist (Zariya): Baba, kamar cingam ɗin yara ka tauna shi ko?

Baba Direba: To da yaya ake taunar cingam?

Anti Famasist (Zariya): Ka ga amfanin a saya wurin wanda zai yi bayani. Ba a masa taunar tsiya. Ka ɗan tauna a hankali har ka ji yaji-yaji a baki, sai ka tura shi tsakanin kunci da dasashi ka bar shi. In yajin ya tafi ka sake taunawa kaɗan ka mayar, haka har wajen rabin awa. Ta fatar baki nikotin ɗin ke shiga jini. In ka haɗiye shi da yawu, ciki yake tafiya, shi ne shaƙuwar da ƙwannafin. Kuma minti 15 kafin ka sa shi ban da lemo, ban da kofi, tsaminsu na hana shi shiga. Akwai mai miligiram 2 da mai 4, irinku masu kunnawa tun kafin a wanke ido mai 4 ne. Filasta kuma ga mai shan sama da kara 10 ana farawa da mai miligiram 21 sati shida, a sauko 14, a ƙare da 7. A manna inda babu gashi, fata a bushe, kullum a sauya wuri. Ga direba mai zufa a kujera gara a dantse da a baya.

Sai wani abu da ya shafe ku direbobi musamman. Hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa saurin narkar da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi. In ka daina, hantar ta koma daidai, goron da ka saba ci sai ya yi maka ƙarfi fiye da da. Mutum ya bar sigari, ya ninka goro don ya rage kewa, sai zuciya na bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙaura, ya ce rashin taba ne zai kashe shi. Rage goron da shayin za ka yi zuwa rabi.

Baba Direba: Ikon Allah. Wato a bar taba kuma a rage goro. Hajiya so kike in yi barci a kan sitiyari kafin Jebba.

Na Birmingham: Baba ka ba ni dariya. Gaisuwa ga kowa. A nan Ingila abin da ya sa tsarin yake tafiya, ba wai masu famasinsu sun fi namu tausayi ba ne, biyansu ake yi. Tun wajen 1999 hukumar lafiyarsu ta kafa sashen taimakon masu barin taba, kuma famasi da yawa na cikin masu gudanar da shi. Akwai ɗan ɗaki a gefe da za a shiga a rufe ƙofa. Akwai 'yar na'ura da mutum ke hurawa ta nuna yawan kabon monoksaid, iska mai guba da ke cikin hayaƙin taba, a numfashinsa, sati na gaba ya sake hurawa ya ga lambar ta faɗi. Mutane na son ganin lamba. Bayan sati huɗu a rubuta ya daina ko bai daina ba. Har sigarin lantarki suna ba manya a matsayin tsani.

Ɗan Kurna: Yawwa, ka dawo kan maganata. Sai da aka biya su.

Anti Famasist (Zariya): Ɗakin nan da na'urar ina sha'awarsu. Sigarin lantarki kuwa ni ba na ba da shawararsa a nan. Can an ƙayyade ƙarfin ruwan da abin da ke ciki, nan abin da ke yawo ba ka san me aka zuba ba, kuma masu sayensa yara ne da ba su taɓa shan sigari ba, su da 'yan shisha. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 na taimakon manya su bar taba, magungunan da ta lissafa huɗu ne: maye gurbin nikotin, varenicline, bupropion da cytisine. Na ƙarshen daga tsiro ake samunsa, an daɗe ana amfani da shi a gabashin Turai tun shekarun 1960, kwana 25 ake sha, kuma ya fi sauran araha. Shi nake fatan ya wadata a ƙasar nan.

Mai Kyamis na Ƙauye: Anti duk waɗannan sunayen yau na fara jin wasu. Ko cingam ɗin ban taɓa ganinsa wurin dilolin da nake sari ba. A birni ma sai manyan famasi, kuma kuɗin kwali ɗaya ya sayi sigarin kwanaki. Mai tebur kuwa yana ƙofar shagona, kara ɗaya-ɗaya, har bashi yana bayarwa.

Lauyan Zaure: Wannan kara ɗaya-ɗayan ma haramun ne a doka. Dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana sayar da sigari sai a kwali mai kara 20, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a ba yaro tallarta, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Ƙa'idojin aiwatarwa sai 2019 suka fito, hotunan gargaɗi a kwali kuma 2021. Doka kam akwai. Tun 2007 gwamnatin Kano ta maka kamfanonin taba a kotu kan kuɗin jinyar mashaya, kuma a Disambar 2023 hukumar kare masu saye ta tarayya ta ci kamfanin taba na BAT (British American Tobacco) tarar dala miliyan 110. Ni tambayata, a cikin harajin taba da irin wannan tara, me zai hana a ware wani abu a sauko da farashin magungunan da Anti ke lissafawa, a kuma biya famasi kuɗin zama da mutum?

Maman Khalifa: Lauya, yaron da ake aikowa sayen maganin tari shi ake aikawa wurin mai tebur. Sai ka zo ka kama uban.

Alaramma: Assalamu alaikum. Ina biye da ku. Ni a ganina an tsawaita. Mutumin da ke iya haƙura daga asuba zuwa faɗuwar rana wata guda cur, ya nuna zai iya. Abin da ya rage niyya ce da tsoron Allah, tunda cutar da kai da cutar da iyali ba abin wasa ba ne a addini.

Baba Direba: Allah ya gafarta Malam, ba ka ga tasha da magariba ba ne. Wasu dabino ɗaya, kurɓin ruwa, sai ashana. Kafin sahur an rama na yini duka.

Anti Famasist (Zariya): Allah ya gafarta Malam, niyya ita ce gaba, ba musu. Sai dai mai azumi ya san magariba na zuwa, shi ya sa haƙurin ke yiwuwa. Amma azumi dama ce babba, don ya riga ya karya al'adar karan bayan shayin safe da na bayan abincin rana. Ni tun Sha'aban nake fara yi wa masu zuwa wurina magana, mu shirya abin da za a yi a awar farko bayan buɗa-baki: a sa cingam ɗin, a tashi daga majalisar masu busawa, a wuce masallaci da wuri. Tambayar da ake yawan yi min ita ce filasta da rana. Malam kai za ka amsa wannan.

Alaramma: Cingam da alewa kam suna karya azumi, ba shakka. Abin da aka manna a fata, malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan ba ya karyawa, don ba ci ba ne ba sha ba, bai kuma bi ta maƙogwaro ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya manna bayan magariba. Amma Hajiya, ba sauya wata jaraba da wata ba ce?

Anti Famasist (Zariya): Tambaya mai kyau Malam. Nikotin shi ke kama mutum, amma kwalta da sauran dubban sinadaran da ƙonewa ke fitarwa su ke kawo ciwon daji da cutar huhu. Maganin na ba da nikotin kaɗan, a hankali, babu hayaƙi, kuma ana janye shi cikin wata biyu zuwa uku.

Shugaban Zaure: Wani ɗan zaure ya turo min saƙo ta gefe, ya ce a sakaya sunansa. Ya ce ya je wani shago ya ce yana son barin sigari amma ba ya iya barci, aka ba shi ƙwayar barci da tramadol wai su kwantar masa da jiki. Yanzu wata uku, sigarin bai bari ba, ƙwayar ma ya kasa bari. Yana neman shawara.

Ɗan Kurna: Kun gani ko? Waɗannan ne za a damƙa wa aikin. Mun manta yadda aka yi da maganin tari mai kodin har sai da gwamnati ta hana shi a 2018? Ta hannun wa ya bi ya shiga unguwanni?

Mai Kyamis na Ƙauye: Ɗan Kurna kada ka yi mana kuɗin goro. Wanda ya yi wannan azzalumi ne, kuma lasisinmu bai ba shi ikon ajiye waɗannan ƙwayoyin ba ma.

Anti Famasist (Zariya): Ɗan'uwa mai saƙo, Allah ya yaye maka. Kada ka yanke ƙwayar barcin rana ɗaya da kanka, yankewa kwatsam na iya jawo jijjiga. Ka je asibiti, sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, su sauke ka a hankali, ka kuma gaya musu duk abin da kake sha ba ɓoye-ɓoye. Tramadol ko ƙwayar barci ba sa cikin maganin barin taba ko kaɗan. Kuma ko an rubuta maka bupropion nan gaba, a san kana shan tramadol, don haɗuwarsu na ƙara haɗarin farfaɗiya. Mai farfaɗiya ma ba a ba shi bupropion sam.

Ɗan Kurna, tsoronka na kan hanya, amma wannan labarin ni hujjata ce. Mutumin nan da ƙafarsa ya je neman taimako, wanda ya tarar ne bai san abin yi ba ko bai ji tsoron Allah ba. Mutane za su ci gaba da zuwa shago ko mun so ko mun ƙi. Ga wani misalin abin da sai wanda ya karanta zai lura da shi: mai shan theophylline don asma, ko olanzapine ko clozapine don lalurar ƙwaƙwalwa, in ya bar taba maganin na taruwa a jininsa, dalili ɗaya da na goron Baba. Dole likitansa ya sani a duba ko za a rage. Mai ciwon suga ma ya ƙara yawan gwaji a makonnin farko. Mai ciki da wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, likita za su fara gani kafin ko cingam.

Ɗan Kurna: Na ji, Anti. Ke ɗaya ce a Zariya. Ina nan kan bakata sai ranar da na shiga shago a Kurna aka tambaye ni.

Mai Kyamis na Ƙauye: Anti, tambayoyin nan da kike jerawa dattawa, ki rubuto min su ta gefe yadda zan manna a jikin kanta. Sannan in dila ya kawo cingam ɗin, ina da ikon sayarwa?

Anti Famasist (Zariya): Zan turo da daddare in na rufe. Ka duba jerin magungunan da PCN ta amince wa masu irin lasisinku, abin da ba ya ciki ka tura famasi, kuma komai ka saya ka ga lambar NAFDAC a jiki. Magungunan barin taba na ƙwaya kam sai da takardar likita.

Baba Direba: Hajiya, ni turamena na hagu duk sun zube, na dama biyu suka rage. Cingam ɗin zai yiwu kuwa?

Anti Famasist (Zariya): A'a Baba, kai alewar tsotsa za a nema maka, ita ma akwai mai miligiram 4. Ba a tauna ta, ba a haɗiye ta, a kunci ake ajiyewa ta narke da kanta. Kara nawa kake sha a rana?

Baba Direba: In ina gida kwali ɗaya. In ina hanya kada ki tambaya.